Kunnen Ƙarfe

Tibiri, 9 ga Oktoba

Zuwa ga yayata Zalihatu, a Jiratawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da mai gidanki da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Yaya, kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Atika mai zogale. Na san za ki ce me ya hana in kira ki, tunda an ce yanzu ina ji. Ina ji, amma ba a tarho ba. Sau biyu mai gidana Mustafa yana kiran ki ya ɗora min a kunne, abin da nake ji kamar ana jan kwano a kan siminti. Tunda Atika tana zuwa nan kowace kasuwa, mu koma irin ta da.

Kin tambaya wai yaya abin yake. Kashi biyu ne. Ɗaya yana ciki, ƙarƙashin fata, a bayan kunnena na dama, shi ne suka sa min a Tunis. Ɗayan a waje yake, ina rataya shi a kunne, yana da ɗan faifai mai maganaɗisu da ke manne wa na cikin. Idan na cire na wajen, na koma yadda sanƙarau ya bar ni shekara biyu da suka wuce, ko tsawa ba na ji.

Ranar da suka kunna shi, ɗakin ba kowa sai ni da lokotoro, likitan da ya yi aikin, da Yaya Lawali, yayanmu da ya kai ni. Ƙofa a rufe, taga a rufe. Yaya ya ce, "Safiya, kina ji na?" Muryar ba tasa ba ce, ta fi kama da ta agwagwa a cikin tulu, amma na gane kalmomin. Na ce ina ji. Ya juya ya fuskanci bango yana share ido da hularsa. Ni ma na ɗauka shi ke nan, wahala ta ƙare.

Ban san cewa a duk garinmu babu ɗaki irin wancan ba. Tun daga tashar mota a Maraɗi na gane. Kabu-kabu, injin niƙa, masu talla, rediyon mai shayi, duk suka shigo kaina lokaci ɗaya, da ƙarfi ɗaya. Kunnen da Allah ya yi wa mutum yana zaɓe, Yaya. Kina tsakiyar kasuwa ɗiyarki ta kira ki, ita za ki ji. Wannan bai san zaɓe ba. Kukan akuya da maganar mijina duk ɗaya ya ɗauke su.

Ran Litinin na koma lakwal, makarantar da nake koyarwa. Yara tamanin da huɗu suka ba ni, a ajin da aka yi da zana, ga wani ajin manne da namu. Da na shiga suka miƙe suka gaishe ni baki ɗaya, na ji wannan, har na yi murmushi. Da na fara kiran suna sai komai ya rushe. In kira, in ga baki ya motsa can baya, ban san ko wanda na kira ne ya amsa ba. Wata yarinya ta tambaye ni abu sau uku. A na ukun na ce mata "to", sai ajin ya fashe da dariya. Har yau ban san abin da na yarda da shi ba.

Ki gaya min gaskiya game da Inna. Har yanzu tana fushi da tafiyata? Ban ji muryarta ba tun kafin ciwon. Duk kwanakin da na yi a can da bandeji a kai, ita nake tunani.

Ki gaida kowa. Ɗiyarki Nasiba ta ce a aiko mata da rake.

Ƙanwarki,
Safiyatu

*

Jiratawa, ran Lahadi

Safiya,

Salama alaikum. Ina gaisuwa, ina yara, ina mai gidan. Mu lahiya lau. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da alƙalami tun da na bar lakwal, hannun ya saba da tsinkar zogale.

Takardarki ta iso. Na yi dariya wajen agwagwa, daga baya na yi kuka. Amma ke ma kin cika gaggawa. Sabon takalmi ma sai ya ci ƙahwa kahin ya zauna. Wata nawa ne duka-duka? Mu da kunnuwanmu biyu, in an tada injin ban ruwa a gona sai mun yi ta ihu kahin mu ji juna.

Maganar Inna kuwa, kin ce in hwaɗi gaskiya. Tana nan kan bakanta. Na karanta mata takardar, na tsallake wajen da kika yi tambaya. Tana gyaran ganye ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Na ce mata kada ta bari a tsaga mata kai. Wanda ya ruhe kunnen bai manta da ita ba. Ta take maganata ta bi Lawali, to ta ji da ƙarhen." Na ce Inna, ai neman magani ba saɓo ba ne, malamai ma sun hwaɗa. Ta ce ita ba ta ce saɓo ne ba. Cewa ta yi ta hana, kuma aka tahi.

Kin san ta. Ba ƙin ki take ba. Kwanakin da kika yi a can, tuwo ba ta ci, sai ruwa da goro, kullum tana bakin zaure tana tambaya ko Lawali ya bugo. Ranar da aka ce kin hwarka daga aikin, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta hito ba. Tsoron da kika sa ta ji ne ba ta yahe miki ba.

Ki zo da kanki in an ba ku hutu. Uwa da ɗiya, ido ya ga ido, magana ta mutu. Ƙahwahunta suna kumbura kwanan nan, ta ƙi zuwa likita, ta ce ta ga abin da likita ke yi wa mutane.

Ga rake nan na ba Atika. Na Nasiba ne, kada uban ya shanye.

Yayarki,
Zalihatu

*

Unguwar Zariya, Maraɗi, 14 ga Nuwamba

Zuwa ga Safiyatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ke da Malam Mustafa da iyali.

Dalilin wannan takarda abu biyu ne. Na farko, labari ya iske ni cewa ranar suna a gidan Alhaji Ilyasu kin cire na'urar a gaban mata kin sa a jaka, kin zauna kamar baƙuwa har aka watse. Mutanen nan sun san ni na kai ki, sun yi mana addu'a, sun zo barka. Yanzu ana tambayata a kasuwa wai ko aikin bai yi ba ne. Ban ji daɗi ba. Ba gori nake miki ba, Allah ya sani, amma wanda aka ciro daga rijiya ba ya kukan igiya ta goge masa hannu.

Na biyu, na yi magana da mutanen Tunis. Sun ce akwai gyaran da ake yi wa na'urar don ta rage hayaniya, ba sai an sake taɓa kanki ba, da kwamfuta ake yi. Akwai wata ma'aikaciya, Malama Mansura, da ta koyi aikin, tana zuwa daga Yamai sau ɗaya a wata uku. Za ta kasance a Maraɗi ranar 23 ga wata. Zan aiko da mota da ƙarfe takwas. Ki nemi izini wurin daraktanku tun yanzu.

Ki daure. Ni na tsaya a gaban Inna na ce zan dawo mata da ke kina ji. Kada ki ba ni kunya.

Wassalam.
Yayanki,
Alhaji Maman Lawali

*

Tibiri, 11 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Alhaji.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Allah ya ƙara buɗi, ya saka da alheri a kan duk abin da ka yi min.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da ya faru a gidan suna. Ba raini ba ne. Mata sun fi hamsin a tsakar gida, ga kiɗan ƙwarya, ga lasifika. Kaina ya yi kamar zai rabe, amai yana taso min. Ko dai in cire, ko in yi abin kunyar da ya fi wannan.

Na ga Malama Mansura. Mace ce mai kirki, ba ta ɓoye min komai ba. Ta haɗa na'urar da kwamfutarta ta sa mata tsari na biyu, wanda zan danna idan ina cikin hayaniya. Ta kunna fanka ta yi min magana, na ji ta sarai, fankar ta koma can ƙasa kamar an lulluɓe ta da bargo. Saura kaɗan in rungume ta. Sai ta ce in dakata. Ta buɗe ƙofa ta kira mutum huɗu daga masu jira, ta ce su yi ta hira a kusa da mu, ita kuma ta karanta min jimla goma. Biyu na kama.

Ta ce min, "Madam, ƙarar da ba ta canzawa, irin ta fanka ko inji, na'urar tana gane ta ta danne. Amma idan hayaniyar ita ma maganar mutane ce, ba ta san wace murya kike so ba. Iyakar abin da take yi, ta fifita wanda ke gabanki, ta rage na gefe da na baya, kuma duk abin da ya yi ƙarfi da yawa ta matse shi." Na ce mata ni aikina gaba ɗaya maganar mutane ce. Ta ce ta sani. Ta ce masana suna ta bincike a kai, sababbin na'urori sun ɗan fi wannan, amma ko su ba su kai kunne ba. Na tambaye ta saura shekara nawa. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi min ƙarya ba.

Ta ambaci wani ɗan makirufo da ake maƙala wa mai magana a wuyan riga, muryarsa ta zo kunnena kai tsaye. Na mutum ɗaya ne. Ni tamanin da huɗu gare ni.

Duk da haka na gwada sabon tsarin a aji, sati biyu. Ya rage min ciwon kai, wannan gaskiya ne. Ran Alhamis da ta wuce ina rubutu a allo, na ba yara baya. Na ji ƙara ta taso, sai na'urar ta danne ta yadda aka koya mata. Na ɗauka surutunsu ne na kullum, na ce bari in ƙarasa jimlar. Da na juyo, ajin ya watse. Maciji ne ya faɗo daga rufin zana a tsakiyarsu. Bai sari kowa ba, amma wajen gudu sun tattake wata yarinya, Tahira, ƴar shekara bakwai, hannunta ya karye. Tana kwance a ƙasa tana kirana, tun ina rubutu take kirana. Mushe, malamin ajin da ke kusa, shi ne ya ji, ya tsallako ya riga ni isa gare ta, ni da nake taku biyar daga inda take.

Uban yarinyar bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya dubi kunnena ya ce wa darakta, "Ku dai ku duba." Darakta ya rubuta wa anspekta, mai duba makarantu.

Yaya, ba da gangan nake ba. Idan an sake tambayarka a kasuwa, ka ce aikin ya yi, ba ƙarya ka faɗa ba. Inda babu kowa, ina ji.

Ka gaida min Hajiya. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Safiyatu

*

Tibiri, 8 ga Janairu

Yaya Zalihatu,

Assalamu alaikum. Ya gajiyar baƙi, ya jikin Inna? Mun iso gida lafiya.

Kin tambaye ni a bakin hanya abin da ya faru tsakanina da Inna a lambu, na ce ba komai. Kabu-kabu yana jira, kuma ko na faɗa kin amsa, ba zan ji ki ba. Ga shi a rubuce.

Da gangan na zaɓi safiyar, kafin a tada injuna. Na bi ta har gindin mangwaro inda take zama tana tsinke zogale. Ba kowa, ko iska ba ta motsi. Tun da na dawo daga Tunis ban sami wuri mai shiru irin wannan ba. Ina jin tsuntsu, ina jin ganyen yana faɗawa cikin ƙwarya. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi min magana, ko zagi ne. Yau zan ji ki."

Ta dube ni. Sai ta ɗaga hannu ta nuna abin da ke kunnena, ta yi alamar in cire. Na ce Inna, in na cire ba zan ji ba. Ta sake nunawa. Na cire na riƙe a hannu. Nan take ta fara magana, ta daɗe tana yi, har da hawaye. Bakinta nake kallo, kin san haƙoranta sun zube, ban iya karanta komai ba. Na yi sauri na mayar, sai ta yi shiru ta ci gaba da aikinta. Sau biyu muka yi haka. Kafin na ukun maƙwabci ya tada injinsa.

Ki tambaye ta abin da ta ce, ko ke za ta gaya miki.

Labari na biyu, takardar anspekta ta zo. Sun ɗauke ni daga aji. Ba kora ba ce, an mayar da ni buro, wato ofis, a Maraɗi, ina kwafe sunayen yara a rajista. Ɗaki ne ƙarami, ni kaɗai da fanka. A can na'urar tana aiki yadda ya kamata, sai dai ba mai magana. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, Yaya. Ranar da na je kwashe kayana yaran suka biyo ni har bakin hanya suna faɗin abubuwa baki ɗaya, Tahira a gaba da hannu a rataye. Na yi ta gyaɗa kai.

A gida ma haka. In an zauna cin abinci, Mustafa da yara suna hira suna dariya, ni ina bin bakuna da ido, kafin in gano wanda ke magana wani ya karɓa. Da farko Mustafa yana tsayar da su ya maimaita min. Yanzu in na ce me aka ce, sai ya ce ba wani abu ba ne. Ban ga laifinsa ba, raha ba ta daɗi in an maimaita. Lokacin da ba na ji sam, suna rubuta min a allo, suna taɓa ni kafin su yi magana. Yanzu kowa ya san an gyara ni, an daina.

Ki lallashe ta ta je likita, don Allah. Kumburin nan bai kwanta min ba.

Ƙanwarki,
Safiyatu

*

Jiratawa, Talata

Safiya,

Salama. Ban jira Atika ba, na ba mai kabu-kabu takardar don ta iso yau. Inna ta kwanta tun Asabar, kumburin ya hau har ciki, numhwashi yana mata wuya. Lawali ya zo da lokotoro har gida, ya duba ta, suka hita waje suka daɗe. Ba ta cin komi. Tambayar da kika ce in yi na yi tun tuni, ta ce tsakaninku ne. Jiya ta tambaye ki sau biyu. Ki aje komi ki taho.

Zalihatu

*

Tibiri, 4 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya haskaka kabarinta.

Kwana bakwai na zauna kusa da ke a kan tabarma ɗaya ban iya tambayarki ba. Gidan cike yake da masu gaisuwa, ko na tambaya amsar za ta ɓace a hanya, kuma ba na so a yi min ihun wannan maganar a gaban mutane.

Kin tuna lokacin da na iso, bayan azahar. Ɗakin ya cika da mata, su Gwaggo Tsahara suna salati da ƙarfi, wasu suna kuka, a ƙofa malamai suna karatu, ga injin wutar da Yaya Lawali ya sa aka tada don fanka. Tun daga zaure na danna tsarin hayaniya, in ba haka ba ba zan iya shiga ba. Na durƙusa kusa da ita. Ta buɗe ido ta gane ni, ta kama ɗankwalina ta jawo kaina. Kunnen hagu ne ya fi kusa da ita, mataccen. Sai ta juya min kai da hannunta, ta laluba har ta taɓa na'urar, ta sa bakinta a nan. Ita da kanta, Yaya.

Ta yi magana. Na ji ɗumin numfashinta a wuyana, na ji leɓenta yana taɓa kunnena. Ba gajeruwar magana ba ce, ta tsaya ta huta ta ci gaba. Abin da ya iso min shi ne salatin Gwaggo Tsahara, don ita ce a gabana, kuma muryarta ta fi ƙarfi. Muryar Inna a gefe take, kuma siririya, na'urar ta haɗa ta da abin da ake dannewa. Na kai hannu in canza tsarin, na tarar da hannunta a kan wurin, ban iya ture shi ba. Na ce don Allah ku yi shiru. Ban san yadda muryata ta fita ba, na ga dai sun dube ni, suka ɗauka kuka nake, suka ƙara salati.

Ta gama, ta sake ni, ta zuba min ido tana jiran amsa. Na ce, "Na ji, Inna." Ta lumshe ido kamar wadda aka sauke wa kaya. Kin san ba ta sake magana da kowa ba har la'asar da ta cika.

Kina ɗakin, a bayana kike tsaye. Ki gaya min abin da ta ce, kalma da kalma. In wasiyya ce, na ɗauka ban san me na ɗauka ba. In fushi ne, ki faɗa, zan iya.

Ƙanwarki,
Safiyatu

*

Jiratawa, ran Lahadi

Safiya,

Salama alaikum. Ya namu haƙuri. Allah ya jiƙan ta, ya sa namu ya yi kyau.

Ki kwantar da hankalinki, na ji komi. Cewa ta yi, "Safiya, na yahe miki duniya da lahira. Allah ya yi miki albarka. Ki riƙe ɗiyanki." Shi ke nan, babu wata wasiyya, babu hushi. Uwarki ta tahi tana sonki.

Atika ta ce kin rame har ta kusa kasa gane ki. Ki ci abinci. Na aiko miki da zanen Inna mai ruwan toka da tasbaharta, Lawali ya ce ke za a ba.

Yayarki,
Zalihatu

*

Tibiri, 19 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Zanen da tasbahar sun iso, na gode, Allah ya bar mu tare.

Takardarki ta ba ni barcin kwana biyu. A na ukun na shiga buro na rufe ƙofa na karanta maganar a fili, a hankali, yadda mara lafiya zai faɗe ta. Ba ta kai rabin tsawon abin da Inna ta yi a kunnena ba. Sau biyu ta huta, na ƙirga da wuyana.

Kuma Yaya, yaushe Inna ta taɓa ce min Safiya? Sunan surukarta ne, ba ta kama shi. Uwani take ce min tun ina goye.

Ran Juma'a Yaya Lawali ya zo har buro da ɗan akwati a hannu. Makirufon nan ne da ake maƙala wa mai magana. Ashe tun Disamba ya sa a nemo shi bai gaya min ba, sai yanzu ya iso, bayan Inna ta tafi. Ya maƙala a wuyan rigarsa, ya buɗe taga hayaniyar titi ta shigo, ya koma can bakin ƙofa ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar raɗa. Ya ce, "Kina ji na?" Na ji shi kamar a cikin kaina yake. Na ce ina ji. Ya tsaya yana kallon abin a ƙirjinsa. Sai ya cire ya ajiye a kan tebur, ya fita bai yi sallama ba.

Ba zan yi fushi da ke ba, ko mene ne. In kin rage wani abu don kada ya yi min zafi, ki ƙarasa. Na haɗa ki da Allah.

Ƙanwarki,
Safiyatu

*

Jiratawa, Alhamis

Safiya,

Salama alaikum. Ina gaisuwa.

Tunda kin haɗa ni da Allah, ban ji komi ba. Ina ɗakin, amma bakinta yana cikin kunnenki, ni kuma kuka nake. Abin da na rubuta miki shi nake zato, shi kuma nake roƙon Allah ya zama. Ki yahe mini.

Da takardarki ta zo na bi matan da ke wurin gida-gida, har Gwaggo Tsahara, na tambaye su ko akwai wadda ta tsinci ko kalma ɗaya. Kowace ta dube ni da mamaki. Suka ce ai sai dai a tambayi Safiya, ita aka hwaɗa wa, kuma a gabanmu ta amsa ta ji.

Allah ya ba mu haƙuri. Ki gaida Mustafa da yara.

Yayarki,
Zalihatu